Malam, Kada Ka Bar Darasin Kiɗa da Waƙa Ya Mutu a Ajinka

A manhajar makarantun firamare akwai darasin al'adu da fasaha, wanda hukumar NERDC ta haɗa zane da wasan kwaikwayo da kiɗa da waƙa a cikinsa. A takarda yana nan daram. A aji kuwa, sau da yawa lokacinsa ake ara a cike giɓin lissafi, ko a fitar da yara shara, ko malam ya jera sunayen kayan kiɗan Turawa a allo yara su kwafa, alhali ba su taɓa ganin ko ɗaya ba. Wannan asara ce babba, kuma gyaranta bai kai tsadar da ake zato ba.

Yaron da ke rera waƙa tare da 'yan ajinsa yana koyon saurare, da jiran lokacin shigarsa, da riƙe magana a ka, da ɗaga murya a gaban jama'a ba tare da rawar jiki ba. Mu ba baƙi ba ne a wannan hanya. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi ta horar da jajis ɗinta, wato mata malamai masu yawon koyarwa, su kuma suka kai ilimi ga matan karkara ta ƙungiyar 'Yan Taru. Har yau ɗaliban Islamiyya da rerawa suke haddace darussa da dama.

Ka fara da iyaye tun kafin ka buga ko tafi ɗaya. Uba zai ce maka bai kawo ɗansa makaranta don ya zama maroƙi ba, wani kuma zai kawo batun addini. Kada ka raina damuwarsu. A taron iyaye da malamai ka karanta musu baitocin da za ka koyar, na tsafta ne, ko na girmama iyaye, ko na tarihin gari. Inda jama'a ba su saki jiki da ganga ba, ka tsaya a murya da tafi. Ko da su kaɗai darasin yana tafiya.

Kada ka zauna jiran gwamnati ta aiko da piyano. Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya da kuntigi, ɗan gwangwani da aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya. Barmani Choge da ƙwarya ta yi suna. Ka sa yara su kawo gwangwanin madara, a zuba tsakuwa a toshe baki, ga kacau-kacau. A kifa ƙwarya a cikin baho mai ruwa a buga da 'yan sanduna, a bar su su ji yadda amon ke sauyawa idan an ɗaga ta kaɗan an shigar da iska. Wannan ma darasin kimiyya ne a ɓoye.

Idan ajin ya cika maƙil, raba shi gida biyu. Ɓangare ɗaya ya bayar, ɗaya ya yi amshi, sai a juya. Ka soma da tafi: ka buga salo gajere su maimaita, ka ƙara masa tsawo, sannan ka miƙa wa wani yaro ya ja gaba. Ka lura da wanda ba ya ɗaga hannu a sauran darussa, domin sau tari a nan yake buɗe baki. 'Yan mata sun zo da waƙoƙin gaɗa tun daga gida. Ka sa su koya wa ajin, su kuma rubuta baitocin a littafi. Ga rubutun Hausa ya samu, da ƙa da ɗa da ɓa a mazauninsu.

Ko sau ɗaya a zango, nemi izinin shugaban makaranta ka gayyato makaɗin kalangu na unguwa. Roƙe shi ya buga sunayen yara ba tare da ya furta ba, su kuma su canka. Za ka ga aji ya yi tsit, kowa ya kasa kunne, sai wata yarinya ta zabura ta ce nata ne. A nan za su gane da kunnensu cewa Hausa tana da hawa da saukar murya, kuma makaɗi yana bin su ne da matse tsarkiyar kalangu a hammata. Ka zaɓi mutum mai kamun kai, ku daidaita a kan abin da zai buga tun kafin ya shigo, a kuma sallame shi da abin da ya sawwaƙa.

Wajen ba da maki, kada ka dogara da jarrabawar takarda kaɗai, kada kuma ka auna daɗin murya, don wannan baiwa ce. Duba ko yaro yana riƙe kari, yana shiga amshi a kan lokaci, ya kuma iya tsara baiti biyu nasa na kansa. Ka ɗauki muryoyinsu a waya a makon farko, ka sake ɗauka a makon ƙarshe, ka kunna wa iyaye duka biyun ranar karɓar sakamako.