Idan Kamfani Ya Canza Suna Dare Ɗaya

A watan Yulin 2017 kamfanin Etisalat na Najeriya ya koma 9mobile. Ba kwalliya ce ta sa ba. Bashin dala biliyan 1.2 na bankuna 13 ya sha kansa, uwar kamfanin da ke Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta janye, ta ba shi mako uku ya sauke sunanta. Jaridu sun yi ta rubutu kan bashin da sabon tambari. Mu kuwa a ƙauyukanmu na Dambatta da Makoɗa, har gobe akwai dattijon da Airtel ma Zain yake ce masa, sunan da aka bari tun 2010.

To ina haɗarin? Da suna da tambari mutum ke rarrabe saƙon gaske da na bogi. Ranar da aka canza su, ma'auninsa ya ɓata. Sai ɗan damfara ya bugo: "Baba, daga kamfanin layinku ne, mun canza suna, ku karanto mana lambar da ta shigo yanzu." Layin nan fa shi ke ɗaure da asusun banki, inda kuɗin gyaɗa da gero ke ajiye.

Kada mu 'yan boko mu ɗauka mun tsira. Twitter ya koma X a Yulin 2023, 'yan jarida suka fi tarewa kan ƙaton harafin da aka kafa a rufin ofishinsa, wanda aka sauke bayan 'yan kwanaki. Ɓarnar gaske sai a Afrilun 2024 ta fito. Manhajar ta iPhone ta riƙa mayar da duk "twitter.com" da aka rubuta ya zama "x.com", ko da a tsakiyar wani adireshin yake. Wanda ya mallaki fedetwitter.com, idan ya saka shi, fedex.com za ka gani, amma kana dannawa shafinsa za ka faɗa. Ɗan jarida Brian Krebs ya bankaɗo yadda mutane suka yi ta rajistar irin waɗannan adireshi, kamfanin kuma ya gyara. A ganina ko ɗan aji ɗaya a sashen kwamfuta ba a yafe masa wannan: canji ba gwaji.

Ni dai yanzu kafin in buɗe adireshi, sai na danne shi na ɗan lokaci in ga inda zai kai ni. Ku kuma idan kun je gida hutu, ku gaya wa su Baba da Inna lambar da ke shigowa waya ba a karanta wa kowa ita, ko da sunan wane kamfani ya zo.