Idan Baki Ya Karkace Farat Ɗaya

A zagayen ƙauyuka mukan tarar da wanda ya kwanta lafiya, ya wayi gari baki ya karkace, ido ɗaya ya ƙi rufuwa. Sai a ce iska ce ta mare shi, ko a zargi maƙwabciya da maita. Ba haka ba ne. Jijiyar da ke motsa fuska ce ta kumbura kusa da kunne.

A kai shi asibiti ran nan, domin maganin prednisolone ya fi aiki idan likita ya fara ba shi cikin kwana 3. In hannu ko ƙafa ma sun mutu, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, kada a jira ko awa ɗaya.

Idon ne abin tsoro. Tun da ba ya ƙiftawa, yakan bushe har ya yi gyambo. A ɗiga maganin da aka bayar, a rufe shi da bandeji da dare. Ban da tsaga, ban da ruwan ganye. Mu yi masa addu'a, mu kuma haɗa masa kuɗin mota. Yawanci akan warke cikin wata 3 zuwa 6.