An Canja Bel Ɗin Taimin, Inji Ya Ƙi Tashi

Wani mai sauraro daga Ƙofar Marusa, Katsina, ya ce tun da aka canja wa Peugeot 406 ɗinsa bel ɗin taimin ta ƙi tashi.

To Malam, daina murza makulli. Idan bakanike ya kuskure alamomin taimin da haƙora kaɗan, fistin na iya bugun bawul ya lanƙwasa shi. Alamarsa, inji na juyawa sakayau ba nauyi.

A daidaita alamomin, a juya inji da sifana zagaye biyu, a auna matsin kowace silinda. Idan ya yi ƙasa, sai an sauke kan inji, a sa sababbin bawul, a wasa mazauninsu, a sa sabon gasket. Kada ka yarda a miƙe lanƙwasasshen bawul da guduma, ba ya ƙarko.

Allah Ya sawwaƙe.