Darasi: Raba Sharar Gida Kafin A Kai Ta Bola

Iyayena da yayyena, kafin a buɗe akwatin ajiya yau, bari mu yi maganar shara.

A wata ƙungiya da nake zagayawa, wata baiwar Allah ta ci bashi daga asusu ta sayi akuya. Akuyar ta yi ta ramewa, ga ciki a kumbure, ba ta cin abinci. Da aka yanka ta, mahauci ya ciro dunƙulen leda daga tumbinta. Akuya ta tafi, bashi kuwa yana nan. A ina ta ci ledar? A jujin bayan gidansu.

Abin da nake so mu koya bai wuce wannan ba: kada a haɗa komai wuri guda. A tanadi tsofaffin buhuna biyu, a haƙa rami ɗaya.

Ramin na abin da ke ruɓewa ne: ɓawon rogo da na albasa, ganyen da aka share, ragowar tuwon da kaji suka bari, kashin awaki da ɗan toka. Faɗi da zurfi kamar mita ɗaya sun isa, a inuwa, nesa da rijiya. A zuba busasshen ganye, a bi shi da ɗanye da kashin dabbobi, a yayyafa ruwa ya yi damshi, ban da jagwab. Duk bayan mako biyu a juya shi. Idan kika sa hannu kika ji ɗumi, aiki na tafiya. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi ya koma ƙamshin ƙasa. Ga takin lambun alayyafo da kuɓewa ke nan, kuma kun fi ni sanin yadda buhun takin zamani ya yi tsada.

Buhu na farko na abin sayarwa ne: gwangwani, fasasshiyar roba, tsohon silifas, guntun ƙarfe. 'Yan gwangwan awo suke yi da sikeli, kuma alminiyam ya fi ƙarfe daraja, don haka a ware shi. Shawarata a tara na ƙungiya gaba ɗaya a sayar lokaci guda. Mai kilo biyu ba ta da bakin ciniki, masu buhu goma suna da shi. Sakatariya ta rubuta nauyin kowa.

Buhu na biyu na leda ne, har da ta fiya wata. Leda kan yi shekaru a ƙasa ba ta ruɓe ba. Na san da ita ake hura wuta da damina, ni ma na tashi na ga ana yi a gidanmu, amma hayaƙin yana cutar da ƙirji, balle na goyon da ke bayanki. Ta fiya wata kuwa, a yanke bakinta, a huda gindinta, a cika ta da ƙasa a rene dashen zogale.

Mataccen batir da fasasshiyar kwalba kada su shiga ramin taki. A sa su a gwangwani mai murfi inda hannun yara ba ya kaiwa.

Mako mai zuwa kowa ta zo da buhunta na farko, zan aro sikeli.