Yadda Ake Gano Ciwon Ramin Intanet a Kwamfuta

A shagunan kwamfuta na Rigasa, daga na wajen tashar jirgin ƙasa har na cikin lungu inda ake buga wa yara takardun JAMB, da zarar intanet ta ɗauke sai ka ji an ce a yi wa kwamfutar fomatin. Garaje ne. Sau da yawa ciwon yana jikin waya ko ramin da ake soka ta.

Fara leƙa bayan kwamfutar. Ramin yana da ƴan fitilu, kuma in ka soka waya ba su kama ba, bar manhaja tukuna. Sa wata wayar da ka yarda da lafiyarta. Shiru? Mayar da ita wani ramin a jikin rawuta. Abu ɗaya-ɗaya ake canzawa, in ba haka ba ko ta tashi ba ka san mai laifin ba.

A cikin wayar akwai sirara takwas. Huɗu daga ciki, ta 1, 2, 3 da 6, sun isa gudun megabit 100, amma gigabit sai duka takwas. Saboda haka in gudu ya faɗo 100 ba gaira ba dalili, mai yiwuwa ɗaya ce ta tsinke ko kan wayar bai matsu ba. Testa, na'urar gwada waya, za ta nuna maka: fitilar da ta tsallake, nan ciwon yake. Tsawon wayar kuma kada ya haura mita 100.

Sai ka kashe kwamfutar, ka haska ramin da tocila. Ƙurar hunturu kan toshe shi, ƴan ƙarafan ciki kan lanƙwashe. Share da busasshen buroshi, ban da hurawa da baki.

Yanzu ne za ka shiga Windows, ka buɗe Device Manager. Alama rawaya a kan katin sadarwa galibi maganar direba ce. In ko sunansa babu, kuma ba a kashe shi a BIOS ba, mai yiwuwa ya ƙone. Kada amsar ping 127.0.0.1 ta ruɗe ka, kwamfuta ce ke amsa wa kanta. Rawuta za ka aika wa.

Gwajin ƙarshe, soka adafta ta USB mai ramin intanet. In ta kawo, ramin asali ya mutu. Ci gaba da adaftar, ta fi canza bod araha nesa ba kusa ba. Mai wayar da aka ja ta sama daga shago zuwa shago kuwa, in hadarin damina ya haɗu, ya zare ta kafin tsawa ta ƙona ramin.