FILIN MANOMA: Ban Ruwa Da Awo A Gidan Gilashi

A ƙasar Holan akwai wani yanki wai shi Westland, kusa da birnin Hague, inda ake noman tumatir da tattasai da furanni a cikin gidajen gilashi. A can ba a ɗaukar bokiti, ba a kuma fasa fangali a tura ruwa. Inji ne ke ba da ruwa, shi ne ke ba da taki, kome da awo. Yawancin tumatir ɗin ma ba a ƙasa yake ba. Saiwarsa tana cikin wani abu ne mai kama da auduga, wanda aka yi da narkakken dutse. Wannan abu kuwa ba shi da abinci ko kaɗan. Watau abin da inji ya ba shuka, shi kaɗai za ta ci.

Ruwan yana zuwa ta siraran mesa, yana ɗiga a gindin kowace shuka. Wani injiniya na Isra'ila, Simcha Blass, shi ya yi suna da wannan dabara. A 1965 ya haɗa kai da mutanen ƙauyen Hatzerim, a hamadar Negev, suka kafa kamfanin Netafim don yin irin wannan mesa.

To, ga yadda aikin ke tafiya. Akwai tankuna uku. Na farko na taki mai kalsiyam ne, na biyu na taki mai fosfet da salfet, na uku na ruwan asid. Ba a haɗa na farko da na biyu wuri ɗaya, domin in an haɗa su da ƙarfinsu sai su kwanta kamar alli, su toshe mesa. Galibi ƙarfin takin da ke cikin tanki ya ninka wanda shuka ke bukata sau 100. Saboda haka inji yakan ɗibi kaɗan kaɗan ya sirka da ruwa.

Kafin ruwan ya fita, sai ya bi ta kan ma'auni biyu. Na farko ana ce masa EC, shi ke faɗin ƙarfin takin. Dalili kuwa, yawan takin da ya narke a ruwa, yawan lantarkin da zai bi ta cikinsa. Tumatir yakan so 2 zuwa 3.5. In ya wuce kima, saiwa ba ta iya shan ruwa, sai shuka ta yi yaushi ga ruwa a gindinta. Na biyu ana ce masa pH, shi ke faɗin tsamin ruwan. Abin da ake so 5.5 zuwa 6.5. In ya haura haka, shuka ba ta samun sinadarin ƙarfe, sai sababbin ganye su yi rawaya, jijiyoyinsu kuwa suna kore.

Yaushe ne inji ke ba da ruwa? Rana ce ke gaya masa. Akwai ma'aunin haske a bisa rufi. Da hasken da ya taru ya kai adadin da manomi ya sa wa kwamfuta, sai famfo ya tashi. Ranar zafi a sha sau da yawa, ranar gizagizai a sha kaɗan. Ana kuma ba da ruwa fiye da bukata, yadda kashi 20 zuwa 30 cikin 100 zai tsiyaye ya wanke gishirin da ya taru. A Holan ba a zubar da wannan ruwa. Akan kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinsa, sa'an nan a sake aiki da shi.

Amma fa inji ba shi da ido. In wuta ta ɗauke da tsakar rana, shukar da ba ta cikin ƙasa ba ta da wurin roƙo, cikin 'yan sa'o'i sai ta langaɓe. In kuwa yau ƙoshi gobe ƙishi, ƙasan 'ya'yan tumatir yakan yi baƙi ya ruɓe, ba mai saye a kasuwa.

Don haka manomin da ke shirin kafa rumfar leda, ko wurin renon dashe, ya fara da kai ruwan rijiyarsa a auna. Ya tanadi wuta ta biyu, ko janareta ko ta hasken rana. Ya riƙa wanke matatar ruwa, yana gwada ma'aunansa da ruwan gwaji, kada su yi masa ƙarya. Kowace safiya kuma ya duba kwanon da ya tara a ƙarƙashin ɗigo, da wanda ya tara na tsiyaya, ya rubuta abin da ya gani. Ranar da lissafi ya sauya, ya nemi dalili nan da nan, gama ruwa ba ya tsami banza.