Saƙo Biyu a Zaren Faiba Ɗaya: Me Ya Sa Na'urarku Ke Jin Kanta?

Malamai masu koyar da sadarwa a ɗakin gwaje-gwaje sun sha kawo wannan kuka: an haɗa ɗalibai biyu da zaren faiba guda, an sa marabin haske a kowane baki don saƙo ya je ya dawo, sai na'urar karɓa ta cika da hayaniya. Nan take a zargi fitila. Sau da yawa fitilar ba ta da laifi.

Duk inda haske ya fito daga gilashi ko roba ya haɗu da iska, kusan kashi 4 cikin 100 na komawa baya. Ku ba ɗalibai su lissafa da kansu. Marabi yana raba haske biyu, don haka rabin hasken fitilarku ne ke isa bakin zaren. Kashi 4 na wannan ya juyo, marabin ya sake raba shi. Kashi 1 cikin 100 ke nan ya faɗa na'urar karɓarku. Shi kuwa saƙon abokin magana, bayan marabi biyu saura masa rubu'i. Idan zaren roba ne mai kaurin milimita 1, jan haske na nanomita 650 yana rasa kusan desibel 0.2 a kowace mita, wato a mita 50 kashi ɗaya cikin goma ne ke tsira. Saƙon ya koma kashi 2.5, amsa-kuwwa tana kashi 1. Ina dalili ba za a ji hayaniya ba?

Gwajin tabbatarwa mai sauƙi ne. Ku kashe fitilar can ɓangaren, ku auna abin da ya rage a nan. Wannan hasken fitilarku ne da ya dawo.

Shawarata, kada a fara da zare ɗaya. A fara da biyu, kowanne da hanyarsa, har ɗalibai su ga tsaftataccen saƙo. Daga nan a koma zare guda da launi biyu: jar fitilar LED a wannan baki, koriya ta nanomita 520 a wancan, a sa matacin launi gaban kowace na'urar karɓa. Na fi son wannan matakin ƙwarai, domin ɗalibi yana ganin launukan da idonsa. Dabarar kamfanonin intanet ke nan a tsarin GPON: nanomita 1490 zuwa gida, 1310 daga gida. A goge bakin zaren sumul, a ɗiga man daidaita haske a mahaɗa don a kori iskar da ke tsakani.

In an kai ga zaren gilashi, a nemi mahaɗar APC mai koren kai, wadda aka goge bakinta a karkace digiri 8, don a rage amsa-kuwwar. Kuma hasken 1310 ido ba ya ganinsa, amma lezarsa na iya yi wa ido lahani. Kada ɗalibi ya leƙa bakin zare don ya ga ko akwai wuta. Ma'aunin ƙarfin haske zai gaya masa.